Jan Biro: Ƙarar da Ɗaliban Aji Ɗaya Suka Kai Malamin Insha'i

A zangon karatu na farko bayan yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2022, wanda aka shiga ran 14 ga Fabrairu aka janye ran 14 ga Oktoba, ɗaliban aji ɗaya na sashen Hausa a wata jami'a ta Arewa suka rubuta takardar koke a kan malamin da ke koya musu insha'i da ƙa'idojin rubutu. Ba su ce yana sayar da handawut ba, ba su ce yana fashin aji ba, babu maganar karɓar na goro ko neman ɗalibai mata, waɗanda su ne suka saba kai malami gaban kwamiti. Laifinsa a wurinsu shi ne gyara ya yi masa yawa, maki kuma ya yi masa wuyar bayarwa.

A lokacin ina ƙaramin mataimaki a sashen. Ni ke kwaso masa takardu daga aji, ni ke shigar da maki a rajista, don haka duk takardun da aka yi rigimar a kansu sun bi ta hannuna. Na sakaya sunan jami'ar da na mutanen, tunda kowa yana nan ana haɗuwa.

Tsarin Malam

Malam dattijo ne da ya fara koyarwa tun zamanin kwalejojin horon malamai, kafin ya dawo jami'a. Ɗalibai na kiransa Jan Biro a bayan idonsa, ya kuma sani. Laccarsa ƙarfe takwas na safe ce, da takwas ta buga yake sa a rufe ƙofa. Kowane mako sai an rubuta shafi ɗaya na fulskaf a cikin aji, da hannu, a kan batun da ya rubuta a allo. Ya karɓa, ya dawo da shi bayan mako guda cike da ja, ɗalibi ya je ya sake rubutawa ya kawo tare da na farkon. Maki goma ne kowane rubutu, kuma kowane kuskuren ƙa'ida rabin maki ne. Kuskure ashirin ke nan ya cinye goman, ko da kuwa abin da ka faɗa ya fi zuma daɗi. Ajin ya haura mutum ɗari biyu, amma ban taɓa ganin ya mayar da takarda da tsurar maki ba tare da ya rubuta wani abu a ƙasa ba. Ina ya samu lokacin, Allah masani. Na dai san hasken ofishinsa kan kai bayan isha'i.

Ga misalin abin da ke faruwa da takarda a hannunsa. Batun makon farko shi ne ranar kasuwa a garinmu. Wani yaro ya buɗe da cewa: "Kasuwa wani wajene da ake saye da sayarwa wanda yanada matukar muhimmanci a rayuwar dan adam." Malam ya zagaye "wajene" ya raba ta biyu, ya zagaye "yanada" ya rubuta "yake da" a kai, ya sa wa "matukar" da "dan" lanƙwasarsu. Maki biyu sun tafi a jimla ɗaya. Sannan ya ja dogon layi ya soke jimlar gaba ɗaya, ya rubuta a gefe: "Wace kasuwa? Me ka gani da idonka? Wa ya yi ciniki, nawa aka taya?" Fiye da rabin ajin haka suka buɗe, da ma'anar kasuwa, kamar mai karatu bai taɓa jin kalmar ba. Haka aka koya musu a sakandare, a haddace gabatarwa ɗaya a riƙa sauya mata suna, yau kasuwa, gobe ilimi, jibi shaye-shaye.

Ɗalibai rabin makin suke gani, su yi ta lissafi. Tambayoyin da ke gefe, waɗanda su ne ainihin darasin, ba kowa ke tsayawa ya karanta ba, don wanda ya ga 1 a saman takardarsa ba ya da zuciyar duba ƙasa.

Sai an san su waye a ajin kafin a gane zafin abin. Da yawansu ba Hausa suka nema ba. Sun cike Shari'a ko Aikin Jarida a JAMB, makinsu bai kai ba, aka turo su nan. Yayyensu a gida suka kwantar musu da hankali cewa ai Hausa harshenka ne, kana kwance za ka ci A, ka tara CGPA, wato matsakaicin makinka gaba ɗaya, mai kyau ka nemi canjin kwas a aji biyu. Da wannan lissafin suka shigo. Kuma ba wai ba sa rubutu ba ne. Babu wani ƙarni na Hausawa da ya yi rubutun Hausa kamar nasu, daga safe har dare suna kan WhatsApp da Facebook. Sai dai rubutu ne da ba wanda ya taɓa ce musu a gyara. JAMB kuwa zaɓi-ka-cike ce a kwamfuta, ba ta tambayar kowa jimla ɗaya.

A laccar farko Malam yakan ba da tarihin ƙa'idojin a taƙaice, don kada a ɗauka shi ya ƙirƙiro su: yadda Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya fitar da dokokin rubutun boko a 1912, yadda haruffa masu lanƙwasa suka zauna a shekarun 1930 zamanin Rupert East a Zariya, Hukumar Harshen Hausa ta 1955, taron Bamako na 1966, da taron Yamai na 1980 inda aka zauna don daidaita rubutun Nijeriya da na Nijar. Ɗalibai su rubuta shekarun tsaf, don sun san shekaru ake tambaya a jarrabawa. Ba su san shi ba zai tambaye su ko ɗaya ba.

Mutum uku a cikin ajin

Wadda lamarinta ya fi tsaya mini a rai wata matar aure ce mai 'ya'ya, wadda ke rubuta labaran soyayya tana sakewa kashi-kashi a zaurukan WhatsApp. Tana da masu karatu na gaske, har da masu biyan kuɗi don a sa su a zauren da ake fara sakin labari. A ajin nan kaf babu wanda ya kai ta sanin yadda ake riƙe mai karatu. Takardarta ta ranar kasuwa ta buɗe ne da wata mai koko tana faɗa da ɗan dako a kan canjin naira hamsin. Malam ya rubuta a ƙasa: "Kin iya gani, kin iya ji. Yanzu ki koyi rubutawa." Ya ba ta sifili. Ba lanƙwasa ko ɗaya a shafin, ba aya sai ɗige-ɗige uku, "ta ce" a haɗe, "gidanta" a rabe, ga "dz" da "nd" irin na waya.

Ta same shi a ofis ina nan. Ta gaishe shi har ƙasa, sannan ta ce, "Malam, mutane suna biya su karanta abin da nake rubutawa, ba wanda ya taɓa cewa bai gane ba." Ya ce, "Hajiya, sun gane ne don sun san Hausa, suna gyara miki a zuci suna wucewa. Ni aikina in sa ki daina ɗora musu wannan aikin." Ta fita ranta a ɓace. Ita ce daga baya ta rubuta takardar koken da hannunta, kuma abin dariyar shi ne lokacin da takardar ta iso teburin Shugaban Sashe, a mako na takwas, da ƙyar za ka tsinci kuskure biyar a shafi biyu. Wani malami a kwamiti ya ce wannan takarda ita ce babbar shaidar wanda ake ƙara.

Na biyu wani yaro ne daga wani ƙauye a ƙasar Sakkwato, natsattse, mai kyan rubutun hannu, wanda ya yi allo ya yi Islamiyya. Shi lanƙwasa ba ta ba shi wahala, don kunnensa ya saba rarrabe sauti tun daga karatun allo. Abin da ke kayar da shi harshen gidansu ne. Ya rubuta "shi na" inda ake son "shi ne", "ita ta" a maimakon "ita ce", "abin da yas sa", "hwara", "wanga". Malam ya bi su ɗaya bayan ɗaya da rabin maki. 'Yan Zazzau ma sun sha irin wannan a kan jinsi, masu cewa "mota ne". Ɗan Kano kuwa, da yake Daidaitacciyar Hausa a kan karinsa aka fi gina ta, ya shigo aji da ribar da bai yi wahalarta ba. Yaron nan ya taɓa tsayar da ni a baranda ya ce, "Yaya, wai Hausar ubana ce kuskure?" Na ce masa ba kuskure ba ce, ba ita ake rubutawa a nan ba ne kawai. Amsar gaskiya ce, amma ba ta mayar masa da maki ko rabi ba.

Ta uku 'yar makarantar kuɗi ce daga Kaduna, wadda Turanci ya fi zama a bakinta. Ita rubutun gyara na gida takan yi shi da Turanci ta zuba a Google Translate ta kwafe. Malam ya gane a karo na biyu, don rubutun aji da na gida ba su yi kama da na mutum ɗaya ba. Bai kai ta kwamitin satar jarrabawa ba. Ya dai ce daga ranar ta riƙa yin gyaranta a ofis, a gabansa.

Abin da ya fasa ƙurjin

Da maki ne kaɗai, ina jin da an yi ta gunaguni har zango ya ƙare. Ƙofa ce ta jawo ƙarar. Farkon 2023 ne aka shiga wahalar takardun kuɗi bayan Babban Banki ya sauya fasalin naira. Ɗalibin da ke zaune a cikin gari sai ya kwana da kuɗi a asusu amma ba shi da ɗari biyu a hannu ta shiga Adaidaita Sahu, mai POS ya ce babu, direba ya ce ba ya karɓar tiransifa. Mutane suka riƙa isowa takwas da kwata, takwas da rabi, su tarar da ƙofa a rufe. Wanda bai shiga ba bai yi rubutun makon ba, sifili ke nan, ga kuma dokar jami'a ta cewa sai ka halarci kashi 75 cikin ɗari na lacca kafin ka zauna jarrabawa. Wakilin aji ya je ya roƙa. Malam ya ce shi ma daga cikin gari yake zuwa, kuma bai makara ba. Gaskiya ne, amma shi da motarsa yake zuwa.

Takardar koken abu huɗu ta ƙunsa: rufe ƙofa, rabin maki, hukunta karin harshe, da yadda ake haɗa makin CA, wato na ayyukan cikin zango kafin jarrabawa. Na ƙarshen nan shi ya fi kowanne nauyi, ko da yake su a ƙasa suka sa shi. A wannan jami'a CA maki 40 ne, jarrabawa 60. Malam yakan tara dukkan rubuce-rubucen zango, na farko da na gyara, ya fitar da matsakaici. To ɗauki ɗalibin da ya yi rabin zango yana cin 1 cikin 10, ya dage ya koya, ya koma cin 7 a sauran rabin. Matsakaicinsa 4 ne, wato 16 cikin 40. Makin A yana farawa ne daga 70, don haka sai ya ci 54 cikin 60 a jarrabawa, a hannun Jan Biro. Ko C mai maki 50 sai ya kawo 34. Wanda kuma ya gaza 40 ya ɗauki kari-oba, wato sai ya maimaita darasin, tun a zangonsa na farko a jami'a. Yaran sun yi wannan lissafin tun a mako na biyar, wasu suka ga ba riba, suka saki.

Zaman kwamiti

Shugaban Sashe ya naɗa malamai uku su duba. Aka ce in kawo takardun, na kawo su a kwali biyu. Wakilin aji ya yi magana da ladabi: "Allah gafarta malamai, mu ba mu ce ba ya koyarwa ba. Ba malamin da ya kai shi zuwa aji. Amma in mutum ya gyara, a ga alamar ya gyara." Malam bai yi dogon jawabi ba. Ya ce a zaro kowace takarda daga kwalin, in an sami wuri ɗaya da ya ja layi alhali babu kuskure, ya yarda a sake duba duka. Aka zazzaro, ba a samu ba. Ya ƙara da cewa yawancin waɗannan yara malaman Hausa za su zama a sakandare, wasu su shiga gidajen rediyo da jaridu, wasu su yi fassara, kuma kuskuren da ya bari ya wuce yau zai dawo masa a bakin ɗalibai ɗari nan da shekara goma. Rabin maki kuwa, in ji shi, ba shi ya fara ba, haka ake cirewa a insha'in Turanci na WAEC ba wanda ya kai ƙara. Me ya sa sai Hausa ce za a rubuta yadda aka ga dama?

A nan ne nake ganin kowane ɓangare ya haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Tsananin gyara daban, tsananin maki daban. Ɗalibai sun ji zafin maki sai suka tsani gyaran, alhali gyaran nan shi ne abu mafi tsada da wani malami ya ba su a shekarar. A ajin mutum ɗari biyu, samun wanda zai karanta shafinka layi-layi kowane mako ba ƙaramin rabo ba ne, akwai waɗanda ke gama digiri ba a taɓa mayar musu da takarda ba. Shi kuma Malam ya ɗauka in ya sassauta lissafin maki kamar ya sassauta ƙa'ida ne. Ba haka ba ne. Darasin da aka gina a kan a rubuta a sake rubutawa, amfaninsa shi ne inda ɗalibi ya kai a ƙarshe. In ka sa makin makon farko ya bi shi har ƙarshen zango, ka hukunta shi ne a kan abin da sakandarensa ba ta koya masa ba, ka kuma saka wa wanda ya zo da iyawarsa daga gida. Ko a WAEC ɗin da ya kafa hujja da ita, kurakuran ƙa'ida kasonsu suke ci su tsaya, ba sa taɓa makin abin da aka faɗa da na tsari. A wurin Malam suna cin komai, shi ya sa marubuciyar nan da wanda bai rubuta abin kirki ba suka tashi da sifili iri ɗaya.

Maganar karin harshe ta fi wuya, kuma kwamitin ma ya rabu a kanta. Ɗaya daga cikinsu, wanda shi ma mutumin yammacin ƙasar Hausa ne, ya ce shi da bulala aka raba shi da "shi na" a rubutu kuma bai mutu ba. Wani ya ce sashen da ke koyar da darasi guda a kan kare-karen Hausa a aji uku bai kamata ya riƙa kiransu kuskure a aji ɗaya ba. Ni ina tare da na biyun a rabi. Dole yaro ya iya Daidaitacciyar Hausa, don ita ce ta littafi da jarida da jarrabawa. Amma wanda ya rubuta "yas sa" ya bi dokar wani kari ne daidai, wanda ya rubuta "wajene" bai bi dokar kowa ba, bai kamata alƙalami ya yi musu hukunci ɗaya ba.

Abin da aka yanke bai kai yadda ɗalibai suka so ba. Za a fitar da CA daga rubutun gyara kawai, a bar na farko a matsayin atisaye. Kurakuran ƙa'ida ba za su ci fiye da maki huɗu cikin goma ba. Kalmomin karin harshe za a ja musu layi da wata alama dabam, ba za a cire maki ba sai a rabi na biyu na zangon. Wanda ƙofa ta rufe da shi a makonnin wahalar kuɗi zai rama rubutunsa. Malam ya karɓi na farko da na huɗu ba musu, ya karɓi na uku yana ƙunƙuni, na biyu kuwa ya ce an mayar da lanƙwasa abin sadaka. Ƙofa dai ya ce takwas takwas ce, kwamiti bai taɓa ta ba.

Aikin sake lissafin a kaina ya faɗo. Da aka fitar da sakamako, masu kari-oba sun ragu sosai a kan yadda rajistar farko ta nuna, A kuwa ba ta kai yawan yatsun hannu ba. Marubuciyar ta sami B. Yaron Sakkwato ya sami C, ya kuma ce mini ya san da an fara da sabon tsarin tun farko da ya fi haka, don akwai makonnin da ya daina yin gyaran gaba ɗaya. 'Yar Kaduna ta tsallake da ƙyar, ta samu canjin kwas a shekara ta gaba. Waɗanda suka saki tun mako na biyar ba su da rubutun gyaran da za a lissafa musu, sabon tsarin bai cece su ba.

Shekarar da ta biyo baya aka ƙara yawan ɗaliban da ake ɗauka, sashe ya raba darasin gida biyu bisa lambar rajista, rabi wurin Malam, rabi wurin wani matashin malami mai darussa huɗu a kansa ga kuma karatun digirinsa na uku. Shi gwaji biyu yake yi a zango, na cike gurbi da zaɓen amsa, ya duba cikin kwana biyu ya manna a allo. Ba na ganin laifinsa, lokacin da yake da shi ke nan. Amma rukuninsa na fitar da A da B da yawa, rukunin Malam na fitar da C, kuma a takardar sakamako lambar darasi ɗaya ce, ba mai sanin wa ya koyar da wa. Sababbin ɗalibai tun a layin rajista suke tambayar na gaba da su wace lamba ce ke faɗawa hannun Jan Biro, har da masu zuwa da iyayensu wurin jami'in jarrabawa a roƙa musu canjin rukuni. An kawo shawarar a riƙa haɗa jarrabawar ƙarshe a yi musayar takardu tsakanin malaman biyu wajen dubawa. Matashin ya ce ba zai iya duba insha'i ɗari da wani abu yadda Malam ke yi ba, Malam ya ce ba zai sa hannu a sakamakon darasin insha'i da ba a rubuta insha'i a cikinsa ba. Maganar ta shiga ajandar taron sashe, aka ɗage ta zuwa zama na gaba.